ƘWAI ƊAYA A KAN RESHE: ABIN DA MUKA GANI A TSIBIRAN SESHEL

A wannan mako muna so mu ba ku labarin wani ɗan tsibiri da muka ziyarta a Tekun Indiya, da wata tsuntsuwa da muka gani a can, wadda al'amarinta ya tsaya mana a rai tun daga ranar har yau.

Ƙasar Seshel tarin tsibirai ce guda 115, tana gabas da gaɓar Afirka da misalin mil 1,000, ta kuwa sami mulkin kanta daga hannun Ingila a shekarar 1976. Babban birninta Biktoriya yana kan tsibirin Mahe, a nan muka sauka. Musulmin ƙasar 'yan kaɗan ne, amma suna da masallacinsu a cikin birni, muka yi Juma'a tare da su. Daga Mahe muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Praslin, muka kwana. Da gari ya waye muka nufi Cousin, wanda faɗinsa duka bai wuce kadada 27 ba, watau mutum na iya kewaye shi da ƙafa kafin hantsi ya yi zafi.

Abin mamaki na farko ya same mu tun ba mu taka ƙasa ba. Jirgin da ya kawo mu bai isa gaɓa ba, sai ya tsaya a cikin ruwa, masu gadin tsibirin suka zo da ƙaramin kwalekwalensu mai inji suka kwashe mu, suka taho da gudu har kwalekwalen ya haye kan yashi. Da muka tambayi dalili, sai suka ce ba a yarda jirgin kowa ya taɓa wannan gaɓa ba sai nasu, don gudun kada ɓera ya ɓuya cikin kayan wani ya sauka. A ranmu muka ce wannan tsanani ya yi yawa a kan ɓera guda. Ba mu bar tsibirin ba sai da muka janye wannan magana.

Da shigarmu cikin kurmi sai kuka ya cika mana kunne, warin kashin tsuntsaye ya cika hanci, sauro kuma ya yi mana maraba irin tasa. Ana ƙiyasin tsuntsayen teku fiye da 300,000 ne ke zuwa yin ƙwai a wannan ɗan wuri kowace shekara. Akwai wasu baƙaƙe masu furfura a ka, waɗanda ke liƙa sheƙarsu a kan rassa da ganye da kashinsu. Akwai wanda mutanen ƙasar ke kira payanke, fari mai doguwar jela kamar tsinke, yana kwanci a ƙasa a gindin itace, mutum ya wuce ta gabansa ko motsi ba ya yi. Akwai fuke, mai haƙa rami, wanda ba ya komowa daga teku sai da dare. Can sama kuwa ga firegat yana shawagi, shi ne shirwar teku: gashinsa ba ya jure ruwa, saboda haka sau da yawa sai ya tare wani tsuntsu a iska, ya matsa masa har ya saki kifin da ya kamo, shi kuma ya cafe.

Amma wadda ta ɗauke mana hankali ita ce wadda suke kira golan, Larabawa kuwa suna kiran danginta kharshana. Girmanta kamar na tantabara, sai dai ta fi siranta da tsawon fiffike. Fara ce fat, bakinta baƙi mai tsini, idonta baƙi ƙirin, kewaye da baƙin gashi kamar ta sha kwalli. Ba ta tsoron mutum, har takan zo ta tsaya a iska daidai fuskarsa tana kallonsa.

Ita wannan tsuntsuwa ba ta yin sheƙa ko kaɗan. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta ajiye shi a kan tsuran reshe, inda ta sami ɗan lotsawa ko mararrabar rassa, ba ciyawa, ba ganye, ba abin tokare shi. Mun tsaya a ƙarƙashin wani reshe da bai fi damtsen mutum kauri ba, muna kallon ƙwai a kansa, iskar teku tana kaɗa itacen, zukatanmu suna ɗar-ɗar. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci har misalin mako biyar, idan ɗaya zai tashi sai ya zame ta baya a hankali don kada ya ture ƙwan. In an ƙyanƙyashe, ɗan yana fitowa da ƙafafu masu ƙarfi da farata masu kaifi, ya damƙe reshen, nan zai zauna har fiffikensa ya yi ƙwari. Iyayen suna fita teku su komo da ƙananan kifaye jere a gicciye cikin baki, wani lokaci huɗu ko biyar, su ba shi ɗaya bayan ɗaya. Masana suna ganin hikimar rashin sheƙar ita ce kuɓuta daga kaska da sauran ƙwarin da ke taruwa cikin sheƙa suna shan jinin 'ya'yan tsuntsaye.

Ba kowane ƙwai ne ke tsira ba. Iska mai ƙarfi takan kayar da wasu, kulɓar tsibirin kuwa tana jira a ƙasa. Idan haka ta faru, ba a daɗewa sai tsuntsuwar ta sake yin wani. Irin wannan asara jinsin yana iya ɗaukarta, gama da ita ya rayu tun fil'azal. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne maƙiyin da mutum ya kawo masa daga waje.

Tarihin ƙasar ya nuna haka a fili. Ɓeraye sun shigo manyan tsibiran ne ta cikin jiragen ruwa, suka addabi gonakin kwakwa. A farkon shekarun 1950 hukuma ta sa aka kawo mujiya daga gabashin Afirka aka saka a Mahe don ta cinye su. Mujiya ta duba, ta ga farar tsuntsuwa a zaune kan reshe da dare ta fi ɓera sauƙin kamu, sai ta koma kanta, har golan ta yi ƙaranci ƙwarai a manyan tsibiran. Daga baya hukumar ta koma biyan lada ga duk wanda ya kashe mujiya. Wannan abin lura ne ga ma'aikatanmu masu sa hannu a takarda: umurnin da aka bayar da kyakkyawar niyya, ba tare da cikakken bincike ba, ya yi ɓarnar da aka yi shekaru ana gyara.

Shi kansa Cousin gonar kwakwa ne a da, an sare kurminsa. A shekarar 1968 wata ƙungiyar duniya ta kare tsuntsaye, wadda yanzu ake kira BirdLife International, ta saye shi domin ceton wani ɗan tsuntsun kurmi mai daɗin murya wanda a lokacin bai kai 30 ba a duk duniya. Aka rage kwakwar, aka bar itatuwan asali suka tofo. Yau wannan tsuntsu ya haura 3,000 a tsibirai biyar, tsuntsayen teku kuma suka ci albarkacinsa. Babbar sa'ar Cousin ita ce ɓera bai taɓa kafa gida a cikinsa ba, wannan sa'a ce masu kwalekwalen nan suke tsaro kowace safiya.

Mai karatu ɗan kasuwa zai iya tambaya, to, mene ne ribar mutum a cikin wannan wahala? A shekarar 2018 wasu masana suka buga sakamakon binciken da suka yi a tsibiran Cagos, a cikin wannan teku dai. Sun gwada tsibiran da ke da ɓera da waɗanda ba su da shi, suka tarar yawan tsuntsayen teku a marasa ɓera ya ninka na masu ɓera sau 760. Tsuntsayen suna ci a tsakiyar teku, su zo su zubar da kashi a tudu, ruwan sama ya wanke takin zuwa cikin duwatsun murjani na gaɓa, har nauyin kifin da ke wurin ya fi na sauran da kashi 48 cikin 100. Ashe ɓeran da ya sauka daga jirgi yana rage abin da masunci zai kai kasuwa.

Daɗin daɗawa, tsuntsayen nan sun daɗe suna yi wa matafiya jagora. Ahmad ibn Majid, shahararren matuƙin jirgin nan Balarabe, ya lissafta tsuntsaye cikin alamomin kusantar ƙasa a littafinsa Kitabul Fawa'id, wanda ya rubuta wajen shekarar 1490. Matuƙan tsibiran Tekun Fasifik su ma da golan suke gane hanya, domin da safe takan fita neman abinci, da maraice ta komo tudu. Wanda ya gan ta da la'asar sakaliya da kifi a baki, in ya bi ta, zai iske ƙasa.

A kan hanyarmu ta komowa muka tuna da hadisin nan sananne wanda ya buga misalin tawakkali da tsuntsu. Sau da yawa mukan ji ana kawo shi don kare zaman kashe wando, alhali kuwa tsuntsun da muka gani sammako yake yi, ya yini bisa raƙuman ruwa, ya zaɓi reshensa da lura, ya yi mako biyar yana tsaron ƙwai guda. Abin da ya fi ƙarfinsa kaɗai ya bar wa Mahaliccinsa. Wani sashe na abin da ya fi ƙarfin nasa kuwa an ɗora shi a wuyan ɗan Adam, watau mai jirgi da ya duba kayansa kafin ya sauke, da ma'aikacin da ya ƙi ɗaga doka don baƙo ya ji daɗi. Mu da muka yi gunaguni da safe, da za mu tafi sai da muka bi masu gadin ɗaya ɗaya muka yi musu godiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da aka damƙa a hannunmu, babba da ƙarami.