Garin Da Kifi Ya Zama Abin Kwalliya

'Yan mata, mu kifi a miya muka san shi ko a kaskon suya, to yau ku biyo ni ƙasar Japan, wani gari mai suna Yamato Koriyama a yankin Nara, inda kallonsa kawai ake yi, ba a cinsa. Kifin zinare ake ce masa, su kuma suna kiransa kingyo.

Daga bayan gari za ki fara ganin kududdufai jere tsakanin gonakin shinkafa, ruwan na ƙyalli da ja da ruwan goro kamar an zuba atamfa. Cikin gari kuwa har murfin kwalbati zanen kifi ne a jiki.

Asalinsa ɗan ƙasar Sin ne. Kakansa kifi ne mai launin toka-toka, sai jefi-jefi a samu ja a ciki, mutane suka riƙa ware jajayen suna haɗa su, yau fiye da shekara 1,000 ke nan. A 1724 wani basarake, Yanagisawa Yoshisato, ya dawo garin da sarauta, aka ce mutanensa ne suka zo da kifin. Da mulkin mayaƙan samurai ya faɗi bayan 1868 albashi ya yanke, sai masu takobi suka koma kiwon kifi don ciyar da iyali. Kin ji yadda duniya take juyi!

A da gilashi tsada gare shi, a cikin baho ake zuba kifin a leƙa ta sama. Shi ya sa suke ji da wani mai suna ranchu, ɗan dunƙulalle marar ƙayar baya, yana tafe yana rangwaɗa kamar amarya.

Tun 1995 suke gasar ƙasa a watan Agusta. A ba ki ɗan ludayi mai bakin takarda, ki kwashi kifi cikin minti 3, takarda ta gama yagewa kin fita.

Abin da ban so ba shi ne makomar da yawa daga kifayen da yara ke kaiwa gida a leda, a juye a 'yar kwalba su mutu cikin kwanaki. Kifin nan in ya samu yalwar ruwa mai tsabta da abinci daidai kima yana haura shekara 10. Wani mai suna Tish a Ingila sai da ya yi 43 kafin ya mutu a 1999, shi ma kuwa a wajen wasan biki aka ciyo shi.