Me Ke Riƙe Malami A Bafarawa?

'Yar'uwa, in kin tashi daga Sakkwato kika yi gabas, kika wuce Goronyo da Sabon Birni, sai ki faɗa ƙasar Isa, inda Bafarawa take. Ƙasa ce ta gero da fadama, amma hanyarta sai addu'a. Cikin Disamba 2021 'yan bindiga sun ƙone matafiya a mota tsakanin Sabon Birni da Isa.

To, me ke riƙe malami a nan? A shekarun 1970 gwamnati ta ɗauko malamai daga ƙasar Filifin zuwa makarantun Arewa. Sun yi aiki tuƙuru, suna aika wa iyalansu kuɗi, da Naira ta faɗi kuwa da yawansu suka tafi. Malamin Bafarawa albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma yaran ajinsa 'ya'yan dangi ne da na maƙwabta. Lada yake nema, kamar jajin Nana Asma'u da suka riƙa taka ƙauyuka suna karantar da mata.

Abin da ke karya masa gwiwa shi ne aji wayam. Saboda haka ki tura 'yarki, ki kuma riƙa tambayarta abin da ta koyo. Allah Ya kawo zaman lafiya, amin.