Kigali, Inda Matasa Suka Hana Sauro Sakat

Tun daga filin jirgin sama Kigali take nuna wa baƙo halinta. Idan akwai leda a kayanka, nan za ka rabu da ita, domin tun 2008 Ruwanda ta haramta ta. Birnin a kan tuddai yake zaune, mota na hawa tana gangara, amma duk inda na kai ido kwatocin gefen titi fes suke, an jera musu duwatsu, ruwa na wucewa abinsa. Wanda ya saba tsallake kwata mai cike da ledar ruwa dole ya tsaya ya sake kallo.

Abin da ya kai ni shi ne taron yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan da aka yi watsi da su, wanda aka yi ranar 23 ga Yuni, 2022, a makon taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila. Manya sun yi alkawarin sama da dala biliyan 4, Allah Ya sa a cika. Ni dai matasa ne suka ɗauke mini hankali. Akwai 'yan Kenya, inda Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙaddamar da rundunar matasa masu yaƙi da maleriya a 2021. Akwai masu ɗauke da wani gangami da ya samo asali a Senegal a 2014, mai ɗora wa kowa alhakin kawar da cutar tun daga ƙofar gidansa.

Ba su zo rakiya ba. Maganarsu guda ce: ba a raba maleriya da muhalli. Ɗumamar yanayi na ba sauro damar hawa tuddan da a da sanyi yake hana shi, ambaliya kuma idan ta janye sai ta bar kududdufai, nan yake zuba ƙwai. Saboda haka suke neman ma'aikatun lafiya da na muhalli su daina aiki kowa shi kaɗai, kuma a zauna da matasa tun wajen tsara kasafi.

Matasan Ruwanda kuwa, abin da ya ba maganarsu nauyi a wurina shi ne sun riga sun yi aikin a gida. Kowace Asabar ta ƙarshen wata akwai umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya. Da safe shaguna a rufe, motoci a tsaye, jama'a sun fito da fartanya da adda, ana sare ciyawa, ana yashe magudanai, ana cike ramuka. A wasu fadamun shinkafa da ke kewayen birnin an yi amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi wajen fesa maganin da ke kashe tsutsar sauro tun tana cikin ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni a wani ƙauye na gan shi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta sa-kai, irin waɗanda mutanen ƙauye suke zaɓa daga cikinsu, ta zauna a tsakar gida da jakarta. Ta huda yatsan wani yaro mai zazzaɓi, ta ɗiga jinin a ɗan farantin gwaji. Cikin kamar minti 15 layi biyu suka fito. Nan take ta ƙirga wa uwar ƙwayoyin magani, ta nuna mata yadda za ta ba shi safe da yamma. Uwar ba ta biya kuɗin mota ba, ba ta bi layin asibiti ba.

A nan gida kuwa, Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba. A Kano muna da tamu Asabar ɗin tsaftar muhalli, sai dai da yawanmu barci muke ramawa a cikinta. 'Yan'uwa matasa, kafin damina ta sauka, ku tara majalisarku ku yashe kwatar unguwa, ku cike kududdufan bayan gida, ku kuma tabbatar ƙannenku suna kwana cikin gidan sauro.