Yadda Gidanmu Ya Zaɓi Badagiri



Mu jikokin Hajiya Babba da muke makarantar nan mu 4 ne, kuma zangon nan an ɗora mana wani aiki a gida wanda ya fi aikin gida na lissafi wuya. An ce mu nemo garin da ke bakin teku wanda danginmu za su je hutun Disamba. Mutum 34 ne za su haɗu: mu 23 daga nan Kano, 7 daga gidan Baffanmu na Agege a Legas, sai 4 daga Ghana. Mafi ƙanƙanta a cikinmu ko yaye shi ba a yi ba, babbar cikinmu kuwa ta haura shekara 70.

Kada ku ɗauka kuɗi ne suka yi mana yawa. Hajiya Babba kakarmu ce ta wajen uba, kuma ƙanwa ɗaya tak ta rage mata a duniya. An kai ta aure Ghana tun kafin a haifi Babanmu, tana zaune a unguwar Nima a birnin Accra, wanda tsofaffinmu ke ce wa Ankara. Muna kiranta Hajiya Ƙarama, duk da yawancinmu a waya kawai muka santa. Rabon da su ga juna shekara 16. Bara Hajiya Ƙarama ta kwanta asibiti sati 3, kakarmu ta kusa daina cin abinci, kullum tana kan darduma da waya a gefenta. Da aka sallamo ƙanwar tata, sai ta tara 'ya'yanta ta ce abu biyu take so tun da sauran numfashinta: ta ga ƙanwarta, kuma ta ga teku. Wai shekara da shekaru ana ba ta labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ita kuwa da ta je Makka cikin dare jirginsu ya sauka a Jidda, ba ta ga komai ba sai fitilu.

Sai ta kafa sharaɗi: ko a tafi duka, ko a zauna duka. Kowa ya san wa take nufi. Gwaggonmu mijinta ya rasu ya bar mata yara 5, da awara da ɗanwake take riƙe su. In aka zaɓi gari mai tsada, su ne za a bari a gida, in kuwa aka bar su Hajiya ba za ta taka ko'ina ba. Tun watan Janairu iyayenmu suka fara adashi saboda tafiyar, mu kuma aka ba mu littafin taswira na laburare da wayar Yayanmu, aka ce mu kawo sunayen garuruwa.

Accra muka fara kawowa, don a ganinmu ita ce mai sauƙi: Hajiya Ƙarama tana can, teku ma tana can. Da muka bi hanyar da yatsa sai muka ƙirga iyakoki 3. Daga Najeriya a shiga Benin ta Seme, daga Benin a shiga Togo, daga Togo a shiga Ghana ta Aflao. Kuɗi ma iri 3 ne, naira da sefa da sidi. Ba a neman biza tsakanin ƙasashen ECOWAS, amma kowa sai ya riƙe fasfo ko takardar tafiya, ga katin rigakafin ciwon shawara. A cikin mu 30 da ke Najeriya, mutum 5 ne kawai ke da fasfo. Baba ya ɗauki biro ya yi lissafi, ya ce kuɗin takardu kaɗai zai cinye adashin kafin a sayi ko lita ɗaya ta mai. Kwatano ma haka ta faɗi, duk da iyaka ɗaya ce. Baba ya ce a zamaninsu naira ce ke taka sefa, yanzu sefa ɗaya ta fi naira 2.

To, tunda mutum 4 na Ghana suna da takardunsu, sai aka ce su ne za su tsallako, mu kuma mu tare su a cikin Najeriya.

Yayanmu da ya yi hidimar ƙasa a Kuros Riba ya dage sai Kalaba, wai babu gari mai tsabta kamarta. Muka buɗe masa taswira muka nuna masa cewa a bakin kogi take, tekun tana can ƙasa, kuma garin yana can gabas, ya yi wa Ghana nisa ƙwarai. Fatakwal ma a cikin koguna take. Ya ɓata rai ya ce ai ruwa ruwa ne. Nan Gwaggo ta samu ƙofa, ta ce in ruwa ruwa ne ga Tiga nan kusa, a je da safe a dawo da yamma. Mun gane kuɗi take gudu, shi ya sa babu wanda ya yi dariya. Hajiya Babba ce ta juyo wajenmu mu mata, ta ce, "Kishiyoyina, ku da makaranta ta kai ku Tiga, ana hango ɗaya gaɓar?" Muka ce ana hangowa. Ta ce, "To ba shi nake nema ba."

A kan Legas aka fi daɗewa, kusan wata 2 ana musu. Baffa na Agege kullum sai ya turo saƙon murya: "Hajiya, ku taho Ikko kawai. Agege kamar Fagge ce, ga Hausawa, ga tuwo, ga masallaci a kowane lungu." Baba ma yana so, saboda yana da wani tsohon hoto da ya ɗauka a kan doki a Bar Beach yana saurayi, yana so ya kai mu wurin. Mu muka gano cewa wurin babu shi yanzu. An cike shi da yashin da aka haƙo daga cikin teku, ana gina wani sabon birni mai suna Eko Atlantic a kai. Baba bai yarda ba sai da Baffa ya tabbatar masa. Ranar ya daɗe yana kallon hoton nan.

Sauran wuraren shaƙatawa na bakin ruwa da ke wajen Lekki yawancinsu sai an biya a ƙofa, kowane kai da kuɗinsa. Ku ninka ko nawa ne sau 34 ku gani. Ga kiɗa mai ƙarfi, wanda Hajiya ba za ta zauna a cikinsa ba. Gidan Baffa kuma ɗaki 3 ne, su 7 a ciki. Sannan daga Agege zuwa bakin ruwa sai an ratsa Legas gaba ɗaya cikin cunkoson motoci, da tsofaffi biyu, ɗaya mai ciwon gwiwa ɗaya mai hawan jini.

Badagiri ƙaramarmu 'yar aji 1 ce ta gano ta. Ta ɗora yatsa a kan Accra ta bi bakin teku ta yi gabas, ta wuce Lome, ta wuce Kwatano, tana tsallako iyaka sai ga sunan. Tsakaninta da Seme kusan kilomita 20 ne. Ke nan Hajiya Ƙarama za ta yi tafiyar kimanin kilomita 400 ta sauka ba tare da ta shiga cikin Legas ba. Mu ne za mu sha hanya, don tamu ta haura kilomita 1,000, amma babu iyaka ko ɗaya a gabanmu. Za mu ɗauki shatar kosta, mu bi ta Kaduna da Abuja, mu kwana a Lakwaja inda kogin Neja ya haɗu da Binuwai, don Umma ta ce ba za a yi tafiyar dare da yara ba.

Baffa na Agege ya fara cewa ƙauye za mu kai shi. Amma shi ne kuma ya tuna da wani abokinsa mai sayar da albasa a kasuwar garin, wanda ya samo mana gida mai ɗaki 6 da tsakar gida, kusa da masallaci, na kwana 4. Wannan tsakar gidan ita ta warware maganar Gwaggo. Da ma ta ce ba za ta yarda a biya mata ba, ita ba almajira ba ce. Sai Umma ta ce tunda da kanmu za mu yi girki, Gwaggo ta karɓi ragamar tukunya, ta kawo garin ɗanwake da kuka da daddawa da yaji, wannan ya zama nata zubin. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce a ƙara da busasshiyar kuɓewa, don ba ta yarda da miyar mutanen kudu ba. Daga nan muka san ta amince.

Da muka gaya wa malaminmu na tarihi sunan garin, sai ya ajiye alli. Ya ce Badagiri tana cikin tashoshin da aka riƙa fitar da bayi zuwa ƙetaren tekun Atlantika. Har yanzu akwai gidajen tarihi da ke ajiye da sarƙoƙin da ake ɗaure su, akwai kuma gidan Seriki Abass mai ƙananan ɗakuna inda ake tsare su kafin jirgi ya zo. Wannan Seriki ɗin ma kalmarmu ce ta sarki Yarbawa suka ara. Ya ce a cikin bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Brazil akwai Hausawa da yawa. A 1807 Hausawan can suka shirya tawaye aka gano su, a 1835 kuma bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, suka tashi a birnin Salvador cikin watan azumi. An samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu.

Da muka kai labarin gida, Baffanmu na nan Kano ya ce, "Hutu za a je ko zaman makoki? A kai yara inda aka sayar da mutane?" Muka tsorata, mun ɗauka Badagiri ma ta faɗi. Hajiya Babba ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "In akwai namu a cikinsu, wa ya sani ko wani ya taɓa tasowa daga Kano ya yi musu addu'a a wurin? A je." Baffa ya ce, "To, Hajiya."

Abu ɗaya ne ba mu yarda da shi ba. A Badagiri akwai wani gida da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, ana ce masa bene na farko a Najeriya. Da muka karanta wa Hajiya sai da ta yi dariya har da tari. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma magina a Kano sun daɗe suna ɗora soro a kan soro da tubalin ƙasa. Za mu je mu gan shi, za mu hau, amma in mai yi mana bayani ya ce na farko ne, mun shirya tambayarmu. Malam ya kuma ce daga Badagiri Bature Clapperton ya taso a Disambar 1825 zai je wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wata 7 ya yi kafin ya iso Kano, ya rasu a Sakkwato a 1827. Mu kwana 2 za mu yi, kuma ƙannenmu har sun fara ƙorafin nisa.

Rigimar da ta rage ita ce ta kwalekwale. Garin Badagiri ba a kan tekun kanta yake ba, akwai wani ruwa mai kwanciya tsakaninsu. Wanda zai je Gberefu, inda bayi ke takawa zuwa bakin teku su shiga jirgi, sai ya tsallaka wannan ruwa sannan ya yi tafiya a cikin yashi. Umma ta ce 'ya'yanta ba za su hau ba. Tun hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021, wanda ɗaliban Islamiyya da yawa suka rasu a ciki, ko a talabijin ba ta son ganin kwalekwale. Ba mu ga laifinta ba, don a cikinmu babu wanda ya iya iyo, sai dai wasan kududdufi da damina. Mun samo wani bakin teku mai suna Suntan a kan hanyar Seme, wanda mota ke kaiwa har wurin, ga itatuwan kwakwa. Can za a kai Hajiyoyin biyu a shimfiɗa musu tabarma, kuma Baba ya ce duk wanda ruwa ya wuce masa idon sawu zai koma mota ya zauna, don igiyar ruwan wajen tana ja. Gberefu kuwa Baba ya ce 'yan shekara 12 zuwa sama za su iya zuwa in akwai rigar hana nutsewa ga kowa. Umma har yanzu ba ta ce e ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka kira Accra aka faɗa wa Hajiya Ƙarama. Ta ce, "Yaya, ni da teku ke bayan gidana za a sa ni tsallake ƙasa biyu in je in kalli teku?" Hajiya Babba ta ce, "Ke za ki kalle ni, ni in kalli teku." Sai muka ji duk sun yi shiru, Umma ta kore mu daga ɗakin.

Duk wanda ya taɓa zuwa Badagiri, ko yake da ɗan uwa a can, don Allah ya same mu a aji 2B lokacin tara. Abin da muke so mu sani shi ne ko masu kwalekwalen Gberefu suna ba da rigar hana nutsewa daidai jikin yara, don da wannan amsar za mu koma wajen Umma.