Katakon Ɗakin Mahaifina

A gidanmu na Aboabo, daɓen ɗakin mahaifina na katakon odum ne. Da damina ta yi nisa, sai gefen kowane katako ya ɗaga, tsakiyarsa ta lotsa kamar kwalekwale. Tsoho ya yi tuntuɓe sau biyu, hankalina ya tashi, na kira kafinta ya kankare tudun.

Ya ce, “Ɗana, dakata. Damshin siminti ne ya kumbura ƙasansa, samansa kuwa a bushe yake. In muka kankare yanzu, ranar da ya bushe tsakiyar ce za ta yi tozo.”

Muka sauya wa tsoho ɗaki, muka karkatar da ruwan indararo daga gindin bango, muka buɗe tagogi. Da hunturu ya shigo, katakon ya kwanta da kansa.