Kafaɗa ba ta son gaggawa

Mako 7 bayan an yi masa tiyata a kafaɗar dama, wani malamin lissafi a Kano ya tashi da asuba bai ji ciwo ba. Da magariba aka ɗauke wuta, ya sunkuya zai ja igiyar janareta. Matarsa ce ta riƙe masa hannu. Ya yi fushi a lokacin, amma da ya ba likitan fisiyo labari, sai aka ce masa ya je ya yi mata godiya.

Tsokoki huɗu ne ke riƙe kan ƙashin dantse a cikin gurbinsa, kowace da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi. Idan ɗaya ta yage, likita yana mayar da ita ne da zare da 'yan ƙananan ƙusoshi. Ɗinkin riƙo kawai yake yi. Jiki ne zai haɗe jijiya da ƙashi, kuma wannan kan ɗauki kusan wata 3. Ciwo kan riga wannan haɗuwa tafiya, shi ya sa mutum ke ruɗuwa. Hannu kan zauna a maratayi mako 4 zuwa 6, wani ne ke motsa shi. Daga nan mai shi ya fara ɗagawa da kansa, atisayen ƙarfi kuwa sai wajen mako 12. Cikakken sauƙi kan kai wata 6 zuwa shekara.

Malamin yana da ciwon sukari, wanda ke rage saurin warkewa kamar yadda shan taba, tsufa da girman yagewar ke yi. Don haka ya bi a hankali. Ya yi makonni yana barci a jingine. Ya koyi fara zura hannun da aka yi wa aiki idan zai sa riga. Sujada ta fi komai ba shi wuya, domin tafin hannu kan ɗauki nauyi.

Yau wata 14 ke nan. Yana kwanciya a kan ɓarin dama har gari ya waye, yana rubutu tun daga saman allo. Buhun shinkafa dai ya bar wa 'ya'yansa, kuma idan ya yi kwana uku bai yi atisaye ba, kafaɗar takan ƙage ta tuna masa. Janareta kuwa ya sayi mai makulli.