Marfin magana: yaushe ya kamata a sa wa yaro?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san wani ciwo yana toshe maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara. Mashaƙo, wanda ya shiga jihar Damagaram a 2023, yana cikin irinsu. Idan abin ya tsananta, likita ya kan huda wuyan yaron, ya sa masa ɗan tiyo. Yaro ya tsira, amma muryarsa ta ɗauke. Me ya sa? Murya tana samuwa ne in iska ta bi ta cikin maƙogwaro ta fita baki. To yanzu iskar ta tiyo take fita.

Akwai dabara, wani ɗan marfi da ake ɗorawa bakin tiyon. In yaro ya ja numfashi, marfin ya buɗe. In ya fitar, ya rufe, iska ta hau sama, murya ta fito. Wani majinyaci a Amurka, David Muir, shi ya ƙirƙiro wanda aka fi sani, a 1985.

Yaushe za a sa? Ba ranar aiki ba. Galibi ana jira a sake tiyon farko, kwana 5 zuwa 7 bayan aiki. Sai yaro yana farke, jikinsa ya yi sauƙi, kuma likita ya tabbata iska tana iya wucewa ta gefen tiyo. In tiyon yana da ɗan balan-balan a ciki, dole a sace iskarsa tukuna, in ba haka ba numfashi ba zai fita ba. A fara da ƴan mintoci, kana zaune kusa. In ka ga yana haki, ko leɓensa ya sake launi, cire nan take. A cire kuma kafin barci.

Amma jinkiri ma ɓarna ne. Ni manya nake koya wa karatu, na ga wahalar da mai shekara 40 yake sha kan baƙin da yaro zai riƙe cikin kwana biyu. Magana ma haka take. Tun wajen wata 6 jariri yake fara gwaranci, da shi harshe yake saba wa aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka in ɗanka yana da tiyo a wuya, kada ka ji nauyin likita. Tambaye shi: "Yaron nan ya isa gwada marfin magana? In bai isa ba, me muke jira?" Kada ka toshe tiyon da kanka a gida.